Kurege Ya Buɗe Ƙungiya

Ƙawata Tabawa, jingine tsintsiyar nan ki zo ki zauna. Yara sun tafi Islamiyya, ruwan tuwo bai tafasa ba, ga wata tatsuniya nan tafe tana neman kunne. Ki matsa mata ta samu wuri.

Wata shekara damina ta yi kyau a dajin Tudun Gawo, kowa ya duƙufa gona ban da Kurege. Ranar shuka ciwon baya, ranar noman farko ciwon kai, ranar maimai kuwa cewa ya yi ya yi mummunan mafarki, ba zai fita ba. Kaka ta zo kowa ya cika rumbu. Kurege ya leƙa raminsa, ba komai sai ɓawon gyaɗar bara. Rani ya kankama, yunwa ta kafa masa ganga a ciki, har wutsiyar nan da yake taƙama da ita ta fara jan ƙasa.

Ana nan sai ya ji labarin Hajiya Giwa ta buɗe gidauniya. Wato dukiya ce ta ware saboda Allah, ta cika rumbuna da ita don a riƙa tallafa wa mabuƙata. Kurege bai tsaya wanke ido ba, ya kama hanya.

A bakin ƙofa ya tarar da Kura. Ita aka ba gadi, don dai abin da ke ciki gyaɗa ce ba nama ba.

"Salamu alaikum, sarauniyar ƙofa."

"Wa alaikumus salam. Me ake nema?"

"Yunwa ce ta kawo ni, ranki ya daɗe. Ko ɗan abin da zan jefa a baki."

Kura ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa ƙyaure. "Yunwa? Kai kaɗai? Nan ba a ba mutum ɗaya. Sai ƙungiya, mai shugaba da sakatare da ma'aji. Ku zo ku faɗi aikin da kuke yi wa jama'a, a je a gani da ido, sannan a saki kaya. Bana ma marayu Hajiya ta sa a gaba."

"To wanda yunwa ta kama shi kaɗai fa?"

"Ya je ya nemo 'yan uwansa su zama ƙungiya. Matsa mini daga nan, kana tare mini iska."

Kin san me, Tabawa? Ko kaɗan bai ji haushi ba. Yana juyawa wutsiyarsa ta miƙe tsaye. Yana tafe yana tsalle yana yi wa kansa kirari:

"Sai ni Kurege, ƙaramin jiki babbar dabara! Gona ta wani, girbi nawa! Ashe ciki ba ya cin tallafi sai an raɗa masa suna? To yau za a yi suna!"

Da gari ya waye, ya tsinci audugar rimi ya naɗa rawani, ya yafa ganyen ayaba a kafaɗa, ya riƙa tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. Kura ta gan shi ta miƙe tsaye, ba ta gane shi ba.

"Wa za a ce?"

"Shugaban Ƙungiyar Share Hawayen Marayun Tudun Gawo da Kewaye."

Nan da nan aka yi masa iso. Hajiya Giwa na zaune a inuwa ana yi mata fifita. Kurege ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya fara bayani, murya na rawa. Ya ce marayu ne gare su birjik, ba uwa ba uba, suna kwana da yunwa suna tashi da ita. Ya ce shi kansa rabonsa da ya ƙoshi har ya manta, wannan kam gaskiya ya faɗa.

"Allah sarki," in ji Giwa. "Zan zo in gan su. Yaushe ya fi muku?"

"Ranar kasuwa, ranki ya daɗe. Ranar ce suka fi zama wuri ɗaya."

Da gari ya waye ranar kasuwa, Kurege ya nufi gidan Zabuwa. Kin san Zabuwa da reno, ba ta taɓa iyawa ba. Ya same ta da kwando a ka, 'ya'ya sun kewaye ta suna tsuwa, ta kama wannan wancan ya zille.

"Haba Yaya," in ji Kurege, "da wannan rundunar za ki shiga kasuwa? Sai an tattake miki rabinsu. Bar mini su, meye amfanin maƙwabtaka?"

"Kai amma Allah ya yi maka albarka!" Kafin ya rufe baki ta yi nisa.

Ya kora su ƙofar raminsa, ya tumurmusa su cikin toka, ya ce wasa za a yi: duk wanda ya fi langaɓe kai ya yi shiru, shi zai ci aya. Da Giwa ta iso, ƙasa na girgiza, sai ta tarar da 'yan tsaki fururu a jere, kowa ya karkace wuya.

"Wayyo, bayin Allah," ta ce. Ta share ido da hanci. "To ina sakatarenku?"

"Yana ciki, bari in turo shi."

Ramin kurege ba ƙofa ɗaya gare shi ba, nan ne gadarar tasa. Ya faɗa ta wannan ƙofa, ya tuɓe rawani, ya kifa ɓawon goruba a ka, ya soke tsinke a bayan kunne, ya ɓullo ta waccan yana magana da hanci.

"Barka da zuwa, Hajiya. Komai a tsare yake, komai a tsare yake."

"Madalla. Ma'aji fa?"

Ya sake nutsewa. Ya shafa toka a gashin baki, ya ɗauki kara ya dogara, ya fito ta bayan gawo yana tari.

"Baba, kai ne mai ajiya?"

"Na'am? E, an yi zafi jiya."

Giwa ta yi dariya, sannan ta ɗan ƙura masa ido. "Kai, amma ku ukun nan kun yi kama."

Tsoho ya koma, shugaba ya fito yana haki, rawani a karkace. "Kakanmu ɗaya, ranki ya daɗe."

"To ku fito gaba ɗaya mana in sa muku albarka."

Gaban Kurege ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. "Dokar ƙungiya ce, Hajiya. Ba ma fitowa tare. Kayan marayu ba a barinsa ba mai tsaro, ko da tsinke ne."

"Ka ji masu amana!" in ji Giwa.

Sai wani ɗan tsako, wuya ya gaji, ya ɗaga kai ya ce, "Inna ta ce za ta sayo mana ƙosai in ta dawo."

Giwa ta ɗaga kunne. Kurege ya kama gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. "Kullum haka yake faɗa, Hajiya. Har yau an rasa mai ƙarfin zuciyar da zai gaya masa."

Giwa ta fashe da kuka har tsuntsaye suka tashi daga kan gawo. Kafin la'asar buhunan gyaɗa sun iso. Kurege ya karkaɗe 'yan tsaki ya mayar wa uwarsu, ya ce sun yi wasa har sun gaji. Ayar ma bai ba su ba.

Allah ya tsare mu da cin abin maraya, Tabawa, garwashi ne. Ita dai Hajiya ladanta na nan, niyyarta za a duba. Shi kuwa gogan naki ya kwanta rigingine a kan buhu yana ɓare gyaɗa yana waƙa:

"Shugaba ya ci, sakatare ya ci, ma'aji ya ci, ciki ɗaya ya ƙoshi!"

Da gari ya waye, ya ji labarin wata gidauniyar kuma. Wannan ta raƙumin dawa ce, wanda ake kira Malam Dogo, shi kuma dashen itatuwa ya sa a gaba. Kurege ya sake naɗi, ya tafi. Sai da ya hau kan suri sannan muryarsa ta kai kunnen Malam.

"Allah gafarta Malam! Daga Ƙungiyar Korar Hamada ta Tudun Gawo!"

"Daga ina?" in ji Dogo daga can sama.

"Korar Hamada! Mun kore ta ta gabas, tana dawowa ta yamma!"

Malam Dogo ya ji daɗin wannan magana. Ya sa aka ba shi irin itatuwa, da gero na masu ban ruwa, ya ce in ya zagayo ya ga sun kama, zai ƙara. Kurege ya kai gida. Ya ci gero, ya ɗanɗana irin ma ya ji ba laifi, ya haɗa da shi.

Da ya ji Malam na tafe, sai ya yi sammako ya hau bagaruwa, ya riƙa gatsar rassa masu ɗanyen ganye yana jefowa. Ya bi fili ya soke su cikin rairayi sahu-sahu, ya yayyafa ɗan ruwa a gindinsu.

Malam Dogo ya iso, ya leƙo daga sama, ya ga kore shar.

"Ikon Allah! Yaushe aka shuka har suka kai haka?"

"Albarkar hannunka ce, Malam. Mu ma abin tsoro yake ba mu."

Rana ta fara ɗagawa, ganye ya fara sunkuyar da kai.

"Me ya sa suke langaɓewa?"

"Kunyarka suke ji. Ba su saba ganin manya ba."

To kin san raƙumin dawa da ganyen bagaruwa, kamar mu da goro. Malam ya haɗiye yawu. Ya fara ware ƙafafun gaba, wannan gabas wannan yamma, yana sauko da wuya a hankali, harshe ya fito zalalo. Da ya kama reshe ɗaya ya ja, da shi ke nan, zai taso ba saiwa.

Kurege ya daka tsalle ya tsaya a gabansa. "Subhanallahi, Malam! Da hannunka ka bayar, da bakinka kuma za ka karɓe? Mutum ya koma cikin sadakarsa? Ni dai ƙaramin ɗalibi ne, amma na ji malamai na tsoratarwa."

Dogo ya mayar da harshe da sauri. Kunya ta kama shi, ya tattara ƙafafunsa da ƙyar ya miƙe. "Astagfirullah. Ka tunatar da ni, Allah ya saka maka. A ƙara musu gero."

Yana ba da baya Kurege ya faɗi ƙasa yana birgima. "Sai ni! Wanda ya fi ni tsawo na fi shi zurfi! Na shuka ba saiwa, na girbe ba lauje!"

Yanzu fa rami ya cika maƙil, har ba ya samun wurin juyi. Kumatu sun fito, wuya ya yi kauri da kitse. Da mai hankali ne da ya tsaya nan ya ci abinsa har damina. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da gari ya waye, yana shan hantsi, sai ya ji Hankaka na ba da labarin Alhaji Amale. Wani tsohon raƙumi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana fatauci a cikin sahara. Ya san ƙishirwa ido da ido, shi ya sa da Allah ya buɗa masa ya kafa gidauniyar haƙa rijiyoyi. Duk ƙungiyar da ta fito da ruwa, tukuicinta dabino ne, irin mai taushin nan da ke narkewa kafin a tauna.

"Dabino!" in ji Kurege. Yawu ya zubo masa.

Kuma maganar ruwa a Tudun Gawo ba ƙarya ba ce. Tafkinsu ya koma taɓo. Bushiya takan fita da tulu tun da sanyin safiya, ba ta dawowa sai rana ta take. Tsoho Kunkuru kuwa in ya tafi ɗibar ruwa, kafin ya iso gida ya shanye abin da ya ɗebo. Wannan karon Kurege bai ma buƙaci ƙirƙiro wahala ba, ta maƙwabtansa ya ɗauka ya tafi da ita.

Ya ɗaure tumbinsa da igiya don kada ƙiba ta tona shi, ya je ya tsuguna gaban Amale, ya fara zuba. Amale na tuƙa, ido a lumshe. Bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Ya isa, Malam Shugaba. Ni ba na son dogon zance. Ga diga, ga guga, ga guzurin mahaƙa. Zan yi arewa in ɗauko dabino. In na dawo na ga ruwa, kayan naku ne."

"An gama, Alhaji. Ka ɗauka ruwa ya fito."

"Ban ɗauka ba. Sai na gani."

Kurege ya kai guzurin mahaƙa gida, ya zauna ya zama mahaƙan. Da ya ga bayan guzurin sai ya fara tunani. Ya fita fili ya tona rami daidai tsayin randa, kuma wallahi Tabawa, shi ne kaɗai aikin da ya yi da guminsa a shekarar nan. Sannan ya je gidan Bushiya.

"Gwaggo, ara mini babbar randarki. Baƙi zan yi."

"Ita ke nan gare ni fa, Kurege. Ta gado ce."

"Haba Gwaggo, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Ya gangara da ita ya binne a ramin, ya ɗora itace a baki, ya yaɓe da laka, ta fito sak bakin rijiya. Saura ruwa. Ya tare Jaki mai ga-ruwa a hanya.

"Kai, Jaki, har yaushe za ka yi ta dako ba muƙami? Mun zauna a ƙungiya mun duba, ba wanda ya cancanci Shugaban Kwamitin Ruwa sai kai."

Jaki ya tsaya cak, kunnuwa suka miƙe. "Ni? Shugaba?"

"Kai fa. Aikinka na farko, ka cika mana ramin can. Sirrin kwamiti ne, kada ka gaya wa kowa."

Jaki ya yi ta jigila daga nesa har randa ta cika ta batse, bai karɓi ko ƙwayar gero ba, yana ta murmushi.

Kurege ya so a yi abin shiru, daga shi sai Alhaji. Amma Amale na da al'ada: duk rijiyar da za a buɗe, sai ya aiko an yi shela kowa ya zo da tulunsa. Hankaka ya bi daji yana faɗa. Kurege ya ji, ya kaɗa wutsiya.

"To sai me? Na sha zuwa bikin buɗe abu. Babban baƙo leɓe kawai yake jiƙawa, a yi tafi, a watse. In ya kurɓa sai in ce ruwa sabo ne, a bar shi ya kwanta zuwa gobe. Kafin goben ni da dabino mun yi nisa. Kuma wa ma zai kurɓa? Raƙumi! Wanda ke wuce kogi bai waiwaya ba! Da Giwa ce da na damu. Sai ni Kurege, mai sayar da rani a farashin damina!"

Da gari ya waye, fili ya cika. Bushiya ta zo da tulu, Kunkuru ya zo da ƙwarya, tun jiya ya taso don kada ya makara. Mata na guɗa, ana ta sa wa Kurege albarka. Jaki ya tsaya kusa da rijiya yana hura hanci, yana cewa a ja baya.

Can sai ga Amale, kaya niƙi-niƙi a bayansa, ƙamshin dabino ya riga shi isowa. Amma da Kurege ya lura da kyau, da ya ga tozon Alhaji ya kwanta gefe guda, leɓɓansa sun tsattsage. Shi ina, idonsa na kan mangala.

Ya hau kan dutse ya gyara rawani. "Jama'a, ba mu yi barci ba, ba mu huta ba! Mun haƙa har muna jin zakaran ƙasa ta bakwai na cara!" Aka yi tafi. Ya zura guga ya ɗebo, ya zuba a ɗan ƙoƙo, ya miƙa da hannu biyu. "Bismillah, Alhaji. A jiƙa leɓe."

Amale ya yi bisimilla ya kurɓe. Ya lumshe ido.

"Alhamdu lillahi. Ruwan da daɗi. Ƙaro."

Kurege ya yi 'yar dariya ya ƙara.

"Ƙaro."

"Alhaji, ai jama'a na jiran jawabinka."

"Jawabina gajere ne," in ji Amale. Ya juya ga taro. "Tun da na baro garin dabino ban sa ruwa a bakina ba. Na wuce rijiyoyi a hanya, masu su suna kirana, na ce a'a. Na yi niyya ba zan sha ba sai daga wadda aka haƙa wa mutanen Tudun Gawo. Yau Allah ya nufa. Kawar da ƙoƙon nan, yaro, wasa ne."

Mata suka rangaɗa guɗa. Kurege kuwa ya ji igiyar cikinsa ta ƙara matsewa.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ni ƙaramin ɗalibi ne, amma mutum ya koma cikin sadakarsa..."

"Wannan abin da ka danƙa wa mutum a hannu ne. Rijiya ta kowa ce, mai ita ma gugansa ɗaya da na kowa. A wurin wa ka yi karatu?"

"To, ruwan sabo ne, yana murɗa ciki."

"Cikin raƙumi?"

"A bar shi ya kwanta zuwa gobe!"

"Ya kwanta a cikina."

Amale ya durƙusa, gaba sannan baya, yadda suke yi. Ya zura dogon wuyan nan cikin rijiya. Aka ji zuuu, zuuu, kowa na murmushi. Kurege ya fara ja da baya, amma taro ya yi masa katanga, kowa na son ya tsaya kusa da shugaba. Sai sautin ya canza. Kin san ƙarar da yaro ke yi in ya kai ƙarshen fura a ƙwarya bai haƙura ba? Ƙurrr, ƙurrr. Sannan ƙwal!

Kunkuru ya ce, "Rijiyar nan kamar tana da gindin tukunya."

Amale ya ja kai, kai ya ƙi fitowa. Ya ƙara ja, laka ta tsage, itace ya watse. Ya miƙe tsaye gaba ɗaya, sai ga randa kife a bakinsa tana lilo a sama, yana gurnani a cikinta.

Guɗa ta tsaya a maƙogwaro.

"Randata!" in ji Bushiya. "Randar gadona! Baƙin ke nan?"

Jaki ya dubi ramin, ya dubi Kurege. "Ni fa na cika ta. Ya ce ni ne Shugaban Kwamitin Ruwa." Kunnuwansa suka fara kwanciya. "Wai babu kwamitin?"

Kurege ya sake hawa dutse, don shi bakinsa ba ya mutuwa. "Jama'a, ku natsu! Wannan matakin farko ne! Gwaji muka yi mu ga ko wurin zai riƙe ruwa, kuma kun gani da idonku ya riƙe! In aka saki dabino sai a shiga mataki na biyu!"

Amale ya girgiza kai, randa ta suɓuce ta faɗo ta tarwatse. Ƙarar fashewarta ba ta gama ba Jaki ya juya baya ya saki harbi. Kurege ya tashi sama, rawani ya yi nasa wuri, ya sauko daidai kan Bushiya, wadda ta riga ta dunƙule ta miƙe ƙayoyinta tana jira. Ihun da ya yi har tafki aka ji. Kunkuru bai iya gudu ba, amma da Kurege ya gangaro ta gabansa ya samu wutsiya ya datsa, sai da ya tsige gashin rabinta.

Kurege ya fizge ya faɗa raminsa. Amale ya bi shi, ya ɗora faffaɗar ƙafar nan a kai ya danna. Rufin rami ya rufta. Sai ga gyaɗa, sai ga gero, suna ta malalowa kamar an fasa rumbun sarki. Jama'a suka tsaya baki buɗe. Shi kuwa ya ɓulle ta ƙofar can bayan ƙaya, ya ranta a na kare, yana ɗingishi yana zuba gudu.

Amale bai ƙara bin sa ba. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar Kunkuru, busasshiya, da tulun Bushiya. Sannan ya durƙusa aka sauke dabino.

"Laifina ne da ban tambayi masu ƙishirwar ba. Wa ya iya haƙa a cikinku?"

Aka ce ai ga Dabgi nan, haƙa sana'arsa ce, ba a dai taɓa ba shi abincin aiki ba ne. Amale ya nuna hatsin da ya malalo ya ce ga shi nan. Ya zauna a wurin bai gusa ba, ana haƙa yana tuƙa, har Allah ya sa aka cim ma ruwa na gaske. Ya saya wa Bushiya sabuwar randa, ko da yake har yau tana cewa ba ta kai ta gado sanyi ba.

Da gari ya waye, can wani daji mai nisa, Gauraka ya ga wani abu tsaye a kan suri, ido a kumbure, wutsiya kamar tsohuwar tsintsiya, yana cire ƙaya daga bayansa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, bawan Allah, me ya same ka haka?"

"Aikin jama'a, Yallaɓai. Ka yi wa mutane rana su yi maka dare." Ya zare wata ƙayar ya yi ƙara. "Amma ni na san inda kuskuren yake. Dabara ba ta da laifi, randar ce ta yi ƙanƙanta. Nan gaba rijiyar wani zan ara sukutum."

"Me ka ce?"

"Cewa na yi, kai da kake yawo a sama, ba ka san wata gidauniya da ke tallafa wa waɗanda aka lakaɗa wa duka ba? Muna da ƙungiya."

"Ku da wa?"

"Haba Yallaɓai, a duniyar nan a rasa waɗanda suka sha duka? Nuna mini hanya kawai."

Gauraka ya nuna masa gabas don ya rabu da shi. Kurege ya sauko daga suri, yana ɗingisawa yana tsintar audugar rimi a hanya.

Ƙurunƙus, kan kurege ya sha da ƙyar. Allah ya ba mu na halal ko kaɗan ne, ya sa masu bayarwa su dace da masu buƙata.

Tashi in duba tukunyar nan. Amma don Allah, Tabawa, ta tsaya tsakanina da ke. Kin san unguwar nan, in ta fita yanzu sai a ce da wane nake, alhali ni kurege na ce, ban kama sunan kowa ba. Kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki.